Kuɗin Lita da Hanyar Zuwa Aiki

    

Yau zancen man fetur za mu yi. Akwai wata magana da ake yawan faɗa mana duk sa'ad da aka ƙara kuɗin mai. Sai ka ji an ce, ku yi haƙuri, ai har yanzu man namu ya fi na ƙasashe da yawa arha. Maganar nan tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Abin da aka bari a baya shi za mu tono yau. Za mu leƙa wasu ƙasashe, mu ga nawa suke sayen lita, mu kuma ga yadda kuɗin litar ya tsara musu fita aiki da safe da komawa gida da yamma.

Bari mu fara da tushe. Me ya sa farashin ya bambanta?

Ɗanyen mai kasuwarsa ta duniya ce. Da dalar Amurka ake cinikinsa, da ganga ake auna shi, kuma ganga ɗaya lita 159 ce. Matatar da ke Jamus da wadda ke Indiya kusan kuɗi ɗaya suke biya su sayi gangar. To daga ina bambancin ya shigo? Mafi yawansa daga hannun gwamnati ne. Wata gwamnati tana ɗora haraji a kan kowace lita. Wata kuma tana zuba tallafi, wato tana biyan wani kaso na kuɗin daga baitulmali don a sayar da arha. Sai kuma darajar kuɗin ƙasa. Idan kuɗinku ya faɗi a gaban dala, man da kuke saye dole ya tashi.

Ga misali. Norway tana haƙo mai, Libiya ma tana haƙowa. A Libiya lita dirhami 150 ce, ko dinari guda ba ta kai ba. Ruwan gora ya fi fetur tsada a can. A Norway kuwa fetur na cikin mafi tsada a duniya, domin gwamnati ta lafta masa haraji da gangan, ta kuma riƙa tara kuɗin man da take sayarwa waje a wani asusu da ta kafa tun 1990. A Birtaniya, kafin a yi maganar kuɗin man kansa, akwai harajin fene kusan 53 a kan kowace lita, sannan a ɗora harajin kayan masarufi na kashi 20 cikin ɗari a kan jimlar. A Amurka harajin gwamnatin tarayya santi 18.4 ne a kan galan, kuma tun 1993 ba a taɓa shi ba. A lura, su da galan suke aunawa, galan ɗinsu kuma ya kusa lita huɗu. Idan ka ji farashin Amurka, raba shi huɗu kafin ka gwada da namu.

Ke nan arzikin mai a ƙarƙashin ƙasa ba shi ke yanke farashin gidan mai ba. Shawarar hukuma ce ke yankewa. Ku riƙe wannan.

Yanzu sai kashi na biyu, kuma shi ne zuciyar shirin. Yaya ake auna tsada?

Mai sauraro, mudun shinkafa kuɗinsa ɗaya ne a kasuwa, amma nauyinsa a aljihun attajiri daban, a aljihun lebura daban. Haka lita take. Saboda haka kada ka tsaya a tambayar nawa ce lita. Tambayi kanka, awa nawa zan yi ina aiki kafin in sami kuɗin lita guda?

Mu yi lissafin tare, a hankali. A Jamus, a shekarar 2024, mafi ƙarancin albashi yuro 12.41 ne a awa ɗaya. Litar fetur kuma ba ta kai yuro biyu ba. Wato ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi a can, aikin awa ɗaya zai saya masa lita shida zuwa bakwai. Kafin minti goma ya cika, ya sami kuɗin lita.

Mu dawo Najeriya a wannan shekarar. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. A watan Oktoba lita ta kai naira 1,030 a gidajen man NNPC na Abuja. Idan ka raba albashin nan a kan awannin aikin wata, awa ɗaya tana kamawa wajen naira 400. Ka ga sai mutum ya yi awa biyu da rabi yana aiki kafin ya sami lita ɗaya. Can minti goma, nan awa biyu da rabi. In an juya kuɗin zuwa dala, man Jamus ya fi namu tsada nesa ba kusa ba. In an juya shi zuwa gumin ma'aikaci, namu ne mai tsadar.

Ga wani lissafin da ya fi wannan sauƙi. A farkon 2023, albashin naira 30,000 ne, lita kuma wajen naira 185. Albashin wata zai sayi lita sama da 160. Bayan an ƙara albashi zuwa 70,000, a kan naira dubu, lita 70 kawai zai saya. Albashi ya ninka, man da yake saye bai kai rabin na da ba. Wannan kuma ga wanda ke karɓar albashin ke nan. Mai tura baro, da mai sayar da ƙosai, da malamin makarantar kuɗi ta cikin unguwa, da yawansu ko wannan ba sa samu.

Tambayar farko ke nan: awa nawa ne kuɗin lita? Akwai tambaya ta biyu, ita ce za ta kai mu kashi na uku. Idan ban sayi man ba, da me zan je aiki?

Mu tafi Holan. A watan Oktoban 1973 aka yi yaƙi tsakanin Larabawa da Isra'ila. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa wasu ƙasashe mai, cikinsu har da Amurka da Holan. Gwamnatin Holan ta hana tuƙa mota ranar Lahadi na tsawon wasu makonni. Manyan tituna suka zama fayau, yara suka fito da kekuna suna yawo a kai. Dama kafin nan iyaye sun fara bore kan yawan yaran da motoci ke kashewa, domin a 1971 mutum sama da 3,000 ne suka mutu a titunan ƙasar, ɗaruruwa cikinsu yara ne. Abubuwan nan biyu suka haɗu, hukumomin birane suka fara ware wa keke hanyarsa daban, wadda mota ba ta shiga. Shekara da shekaru suna ginawa. Yau kekunan Holan sun fi mutanenta yawa. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyen yau da kullum a kan keke ake yin su. Likita na hawa, alƙali na hawa, uwa na kai 'ya'yanta makaranta a kai. Fetur yana da tsada ƙwarai a Holan, amma tsadar ba ta hana kowa zuwa aiki.

A Hong Kong lita ta haura dalar Amurka uku, kusan babu inda ya kai ta. Amma wajen tafiya tara cikin goma a jirgin ƙasa da bas ake yin su. Yawancin mutanen birnin ba su ma da mota, balle kuɗin lita ya hana su barci.

To mu juya mu dubi Amurka, domin ta fi kama da halin da muka tsinci kanmu. Shekaru masu yawa mai yana da arha a can, idan aka gwada da abin da mutane ke samu. Da yake yana da arha, sai aka gina garuruwa a warwatse. Gida a nan, wurin aiki kilomita talatin, kasuwa a wani ɓangare, makarantar yara a wani. Kafin annobar korona, ma'aikata uku cikin huɗu kowa shi kaɗai yake tuƙa motarsa zuwa aiki. Da galan ya haura dala biyar a watan Yunin 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, mutane sun yi ta kuka, amma ba su daina tuƙi ba. Ina za su? A unguwanni da yawa babu bas, babu jirgi, wani wurin ko hanyar mai tafiya a ƙafa babu.

Ku lura da wannan sosai, masu sauraro. Kuɗin mai yana canzawa cikin dare ɗaya. Gari kuwa ba ya canzawa cikin dare ɗaya. Inda ka gina gida, inda ka sa yara makaranta, inda ka kama shago, duk ka zaɓe su ne a kan kuɗin motar wancan lokacin. Idan mai ya tashi, gidan yana nan inda yake.

Abin da ya tayar da boren masu rigar ɗorawa a Faransa ke nan a watan Nuwamban 2018. Gwamnati ta so ƙara harajin mai. Mutumin tsakiyar Paris, mai jirgin ƙarƙashin ƙasa a ƙofar gida, bai damu ba. Mutanen ƙauyuka da na bayan gari, waɗanda ba su da wata hanya sai mota, su ne suka tare tituna har gwamnati ta janye ƙarin. A Iran ma, ƙarin da aka yi dare ɗaya a Nuwamban 2019 ya jawo zanga-zangar da aka yi asarar rayuka da yawa. Jamus kuwa, da mai ya yi tsada a 2022, sai ta fito da tikitin yuro tara. Da shi mutum zai hau bas da jiragen ƙasa na cikin gari da na yanki wata guda cur, a ko'ina cikin ƙasar. Cikin wata uku an sayar da tikiti miliyan 52. Saudiyya ma, wadda da yawanmu suka sani ta hanyar aikin Hajji da Umara, duk da lita ba ta wuce riyal biyu da ɗoriya ba, a Disamban 2024 ta buɗe jirgin ƙasa na birnin Riyad mai layuka shida. Arhar mai ta cika birnin da motoci har tituna suka kasa ɗauka.

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan farashin fetur a ƙasashe, da yadda yake tsara zirga-zirgar jama'a. Mun ajiye tambayoyi biyu. Awa nawa ne kuɗin lita? In ban saya ba, da me zan tafi? Yanzu mu matso kusa, mu tsaya a bakin iyaka.

Mutanen Jibiya da Maraɗi, da na Illela da Birnin Ƙonni, da na Maigatari da Magarya, ba sai an koya musu gwada farashi ba. Shekaru da dama litar Najeriya mai tallafi ko rabin kuɗin litar Nijar ba ta kai ba, lokacin da gidajen man Nijar ke sayarwa sefa 540. Wannan tazara ita ta haifi 'yan ruwa-ruwa, masu jera kwalabe da jarkoki a bakin titi. Da man nan 'yan kabu-kabu ke yawo a Maraɗi da Damagaram. Haka abin yake a Kwatano ta Jamhuriyar Benin, inda babura suka mamaye gari, haka kuma a Garwa da Marwa a arewacin Kamaru. A Nuwamban 2019 har sai da hukumar kwastan ta Najeriya ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wa ya sha wahalar? Mazauna garuruwan iyakar, waɗanda suka koma tafiya mai nisa kafin su sami na zubawa a babur.

Da aka cire tallafi a Najeriya, sai ribar fasa-ƙwaurin ta tsuke. Masu sayen kwalba suka koma gidan mai. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage lita zuwa sefa 499. Amma matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, ita kaɗai ba ta iya ɗaukar buƙatar ba. A watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen man Yamai da sauran garuruwa. Shawarar da aka yanke a Abuja ta taɓa ɗan kabu-kabun Tawa. Haka zumuncinmu yake, har a tankin babur.

Yanzu sai gida, kashi na ƙarshe.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya kau. Cikin kwana biyu lita ta koma naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. A watan Yuni aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, ta faɗi. A Yuli lita ta kai 617 a Abuja. Daga nan ta yi ta hawa har ta haura dubu. Matatar Ɗangote da ke Lekki ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma tun daga lokacin farashin yana hawa yana sauka. Amma bai ko kusanci na da ba.

Ni a ganina, tallafin nan ba abin kewa ba ne yadda aka gudanar da shi. A 2022 kaɗai ya lashe sama da naira tiriliyan huɗu. Mai motoci biyar ya fi mai babur ɗaya moriyarsa, ɗan fasa-ƙwauri kuma ya fi su duka. Abin da ke damuna shi ne jerin da aka bi. An cire tallafin kafin a tanadi motar da talaka zai hau. An mayar da mu masu sayen mai da tsada irin na Holan, a cikin garuruwan da aka gina a warwatse irin na Amurka.

Dubi Abuja. Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya kama haya a Wuse ko Garki. Yana Mararaba, ko Masaka, ko Suleja, ko Gwagwalada. Ya zaɓi can ne saboda haya da sauƙi, kuɗin mota kuma da sauƙi. Yau sauƙi ɗaya ya tafi. Wani ya ajiye motarsa ta yi ƙura a ƙofar gida. Wani yana fita da ita, amma sai ya tsaya a Nyanya ya ɗebi fasinja don ya mayar da kuɗin mai. Wasu suna kwana a wurin aiki, sai Juma'a su ga iyalinsu. Jihohin Kwara da Edo a 2023 sai da suka rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako.

A Kano, tun da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, Adaidaita Sahu ce ƙafar gari. Ɗan sahu yana da balas da zai kai wa mai mashin kullum, ga kuɗin mai, ga cefane. Dole ya ƙara. Fasinja kuma ya koyi dabara. Ya taka rabin hanya a ƙafa, ya hau rabi. Ya haɗa saƙo uku a fita ɗaya. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Amma akwai fitar da ake fasawa wadda bai kamata a fasa ba. Mai juna biyu ta tsallake ranar awo. Ɗaliba ta yi fashin makaranta kwana biyu a mako. An daina zuwa duba tsohuwa a ƙauye sai da salla. Wannan asarar ba ta fitowa a allon gidan mai, amma a gidajenmu muna ganinta.

Akwai inda aka ɗan motsa. Legas na da motocin BRT masu hanyarsu daban tun 2008, ta buɗe jirgin ƙasa na cikin gari a Satumban 2023, ta ƙara layi na biyu a 2024. An dawo da jirgin cikin garin Abuja a Mayun 2024. Gwamnatin Borno ta zuba motocin haya masu rangwame a Maiduguri, har da masu aiki da lantarki. Gwamnatin tarayya kuma ta fito da shirin mayar da motoci su riƙa amfani da iskar gas da aka matse a tukunya, wadda ake kira CNG. Ta fi fetur arha, amma sai inda ake da gidan sayar da ita, kuma a arewa sun yi ƙaranci.

A nan zan ja kunnen 'yan'uwana direbobi. Kada ka kai motarka ko mashin ɗinka wurin mai walda ya haɗa maka tukunya. Kada ka ɗaura tukunyar girki. Iskar nan matsinta ya ninka na gas ɗin girki sau da yawa. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan sayar da gas a garin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata, kuma tukunyar haɗin gida ce sanadi. In za ka juya, je cibiyar da hukuma ta amince da ita.

Mai neman haya, ga taka. Kada ka dubi kuɗin ɗaki shi kaɗai. Ɗauki biro. Rubuta kuɗin motarka na rana, da na matarka in tana fita, da na yara. Ninka shi da ranakun shekara, ka haɗa da kuɗin hayar. Sau da yawa za ka tarar ɗakin da ke kusa, mai tsadar, shi ne mai arhar. Masu ababen hawa, ku riƙa duba iskar taya, domin taya mai laushi tana shan mai. Maƙwabta masu hanya ɗaya, ku yi karo-karo ku fita a mota ɗaya. Keke kuma ba abin kunya ba ne. Iyayenmu malamai da ma'aikatan En'e a kansa suka yi aiki, da mutuncinsu.

Sai dai dabarar mutum ɗaya tana da iyaka. Ba za ka ce wa yarinya ta hau keke a titin da tirela ke bi ba. Tun da aka cire tallafi, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru. Kuɗin nan daga aljihunku ya fito, a gidan mai kuka biya shi. Don haka idan kansila ko ɗan majalisa ya zo unguwarku, ku tambaye shi. Ina manyan motocin haya masu lokaci tsayayye da kuɗi tsayayye? Ina motar 'yan makaranta? Ina gefen titin da aka ware wa mai keke da mai ƙafa, da bishiyoyin da za su ba shi inuwa? Ku tambaya a taron unguwa, ku tambaya ta ƙungiyoyinku na kasuwa da na ma'aikata, ku kuma nemi a faɗa muku ranar da za a fara.